Kaka ɗaya, zakaru biyu: tsohuwar gardamar kambu a ƙwallon jami'o'in Amurka

Duk wanda ya saba kallon gasar Firimiya ta Ingila ya san yadda ake samun zakara. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 38, wadda ta fi tara maki ta ɗaga kofi. Ana iya zagin alƙalin wasa har a gaji, amma ba a gardama a kan wanda ya ci gasar. To akwai wani wasa a Amurka da ke cika filaye masu ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari duk ranar Asabar daga ƙarshen Agusta, wanda kuma ya shafe shekara fiye da ɗari ba shi da amsa ɗaya ga wannan tambaya mai sauƙi: wane ne zakaran bana? Shi ne ƙwallon Amurka na jami'o'i, wasan nan mai kama da zari-ruga wanda 'yan wasa ke sa hular kwano suna gwabza ƙirji.

Jami'ar Princeton ta ce ta ci kambun ƙasa sau 28. Yale ta ce 27. Alabama ta ce 18, Notre Dame ta ce 11. Idan aka tara iƙirarin dukan jami'o'i, adadin ya zarce yawan shekarun da aka yi ana buga wasan. Hausawa na cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma a wannan gari an sha yin sarki biyu, wani lokaci har uku, kowa da tutarsa a rataye a filin wasansa.

Tushen matsalar yana cikin yanayin wasan kansa. Wasa ne mai cin jiki, ba a iya buga shi fiye da sau ɗaya a mako, don haka kakar kowace ƙungiya ba ta wuce wasa 12 kafin a shiga na ƙarshen shekara; a da ma takwas ne zuwa goma. Jami'o'in da ke babban mataki kuwa sun haura 130. Babu yadda za a yi kowa ya kara da kowa. Suna rarrabe ne rukuni-rukuni bisa yanki da tarihi, kowace tana buga yawancin wasanninta da maƙwabtanta. Sai ka ga ƙungiya a kudu ta cinye wasanninta duka, wata a yamma ita ma ta cinye nata duka, ba su taɓa haɗuwa ba, ba su ma kara da abokan hamayya iri ɗaya ba. Ƙari a kan haka, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta taɓa ba da kofin zakara a wannan babban mataki ba. Tana dai rubuta sunayen waɗanda wasu suka zaɓa a kundinta.

Tun ranar farko aka soma da haka. A ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4 a garin New Brunswick, mutum 25 a kowane ɓangare, wasan ma ya fi kama da ƙwallon ƙafa da muka sani. Bayan mako ɗaya Princeton ta rama da ci 8 da nema. Kakar ke nan gaba ɗaya. A wancan lokaci babu wanda ya yi maganar zakaran ƙasa. Sai a 1933 wani masanin tarihin wasan, Parke Davis, ya zauna ya bi shekaru ɗaya bayan ɗaya tun daga 1869 yana naɗa zakarunsu, kuma daga irin wannan waiwaye ne yawancin kambunan Princeton da Yale suka fito. Kafin shi, a 1926, wani malamin tattalin arziki a jami'ar Illinois mai suna Frank Dickinson ya ƙirƙiro wani lissafi na auna ƙarfin ƙungiyoyi. Kocin Notre Dame, Knute Rockne, ya nemi ya mayar da lissafin baya da shekara biyu, sai ga Notre Dame ta fito zakarar 1924.

A 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ya soma tattara ra'ayin marubuta wasanni duk mako, kowa ya jera ƙungiyoyin da yake ganin sun fi, a haɗa maki. Wadda ta ƙare a sama ita ce zakara. Minnesota ce ta farko, duk da cewa Northwestern ta doke ta a kakar, kuma har gobe Pittsburgh na cewa shekarar tata ce. A 1950 aka ƙaro ƙuri'ar kociyoyi. Daga nan aka samu masu naɗin sarauta biyu, kuma babu abin da ya tilasta musu su yi baki ɗaya. A tuna cewa a wancan zamani marubucin da ke birnin New York ba ya ganin wasannin kudu ko na yamma da idonsa, sakamako yake karantawa a takarda. Ji ne yake aiki a inda ake buƙatar gani.

Sai kuma wasannin ƙarshen shekara da ake kira Bowl, wato kwano, saboda fasalin filayen da ake buga su. Na farkonsu shi ne Rose Bowl a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, wanda aka fara a 1902 don ƙayata bikin sabuwar shekara, inda Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema. Daga baya Sugar Bowl da Orange Bowl suka zo a 1935, Cotton Bowl a 1937. 'Yan kasuwar garuruwan da ba su da sanyi ne suka kafa su don jawo baƙi a lokacin hunturu, ba don tantance zakara ba. Kowane kwano ya ƙulla yarjejeniya da wani rukuni: zakaran rukunin Big Ten da na gaɓar yamma Rose Bowl za su je, na kudu maso gabas Sugar Bowl, na yankin Texas Cotton Bowl. Ma'ana, ko da kowa ya yarda cewa ga ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa, yarjejeniya na iya aika ɗaya gabas ɗaya yamma a rana guda.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, shekaru da yawa ana rufe ƙuri'a tun kafin a buga waɗannan wasanni. An naɗa Oklahoma a 1950, Kentucky ta doke ta a Sugar Bowl. An naɗa Tennessee a 1951, Maryland ta doke ta. An naɗa Maryland a 1953, Oklahoma ta doke ta. A 1964 aka naɗa Alabama, sai Texas ta kayar da ita da ci 21 da 17 a Orange Bowl, alhali Arkansas, wadda ta doke wannan Texas ɗin tun a tsakiyar kaka, ta gama da wasa 11 babu faɗuwa. Ƙungiyar marubuta ƙwallon, wadda ita take jira sai an gama komai, ta ba Arkansas nata kofin. AP ba ta daina wannan gaggawa kwata-kwata ba sai 1968. Kociyoyi kuwa sai da suka ji kunya sau biyu, a 1970 da Texas da kuma 1973 da Alabama, dukansu Notre Dame ta doke su bayan an riga an naɗa su, kana suka gyara a 1974.

Kakar 1966 ita ce wadda na fi daɗewa ina juyawa a raina, domin a cikinta ne ake ganin cewa ƙuri'a ba ta rabuwa da halin da ƙasa ke ciki. A ranar 19 ga Nuwamba, Notre Dame mai matsayi na ɗaya ta je gidan Michigan State mai matsayi na biyu, dukansu ba a taɓa doke su ba a kakar. Ana saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, ci 10 da 10, ƙwallo na hannun Notre Dame. Kocinsu Ara Parseghian, wanda manyan 'yan wasansa da dama suka ji rauni, ya zaɓi ya cinye lokaci a tashi kunnen doki maimakon ya yi kasadar neman nasara. A lokacin babu ƙarin lokaci a wasan, sai 1996 aka kawo shi. Mako na gaba Notre Dame ta casa jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, da ci 51 da nema, ƙuri'u biyun kuma suka ba ta kambu. Ba ta je wasan kwano ba, domin dokar makarantarta ta hana a wancan zamani. Michigan State ma ba ta je ba, domin dokar rukuninta ta hana zuwa Rose Bowl shekara biyu a jere.

A can kudu kuwa ga Alabama ƙarƙashin koci Paul Bryant, wadda ke riƙe da kambun shekaru biyun da suka gabata, ta cinye wasa 11 cikin 11, ta rufe da lallasa Nebraska 34 da 7. Ta ƙare a matsayi na uku. Mutanen Alabama har yau suna cewa an hukunta ƙungiyarsu ne saboda sunan jiharsu, jihar da gwamnanta George Wallace ya tsaya a ƙofar wannan jami'a a 1963 don hana baƙaƙen fata shiga. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a kokensu, amma labarin bai tsaya nan ba. Ƙungiyar Alabama ta 1966 farare ne zalla, kuma sai 1971 baƙin ɗan wasa ya fara buga mata. Michigan State kuwa cike take da baƙaƙen 'yan wasa irin su Bubba Smith da Jimmy Raye, yaran kudu da jami'o'in jihohinsu suka rufe wa ƙofa. Wanda ya ƙi buɗe filinsa ga rabin gwanayen yankinsa, cewarsa ya fi kowa tana da rauni. Su kuwa jami'o'in baƙaƙen fata irin su Grambling, inda Eddie Robinson ya ci wasa 408 a rayuwarsa ta koci, manyan ƙuri'un ba sa ko kallonsu. Jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ce ke naɗa musu nasu zakara tun 1920.

A 1969 har shugaban ƙasa ya tsoma baki. Richard Nixon ya halarci wasan Texas da Arkansas ranar 6 ga Disamba, Texas ta ci 15 da 14, ya shiga ɗakin 'yan wasa ya miƙa wa 'yan Texas allon shaidar zama zakarun ƙasa, tun ba a buga wasannin kwano ba. Penn State ta koci Joe Paterno ita ma ba a doke ta ba. Don adalci, dole a faɗi cewa Penn State ta riga ta zaɓi zuwa Orange Bowl makonni kafin nan, da ta zaɓi Cotton Bowl da ta haɗu da Texas ido da ido. Duk da haka ciwon na gaske ne: a 1968 da 1969 da 1973 da 1994 Penn State ta gama kaka ba faɗuwa ba kunnen doki, kuma ko sau ɗaya manyan ƙuri'un ba su ba ta kambu a waɗannan shekaru ba.

A 1978 USC ta je har Birmingham ta doke Alabama 24 da 14, dukansu suka gama da faɗuwa ɗaya-ɗaya, amma 'yan jarida suka zaɓi Alabama, kociyoyi suka zaɓi USC. A 1984 jami'ar Brigham Young ta ci wasa 13 cikin 13 ta samu kambu, aka yi ta ƙorafin cewa ba ta kara da manya ba.

Sai 1990, shekarar yunƙuri na biyar. A dokar wasan, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta matsa gaba yadi goma ko ta kai gidan abokan hamayya, in ta kasa ƙwallo ya koma hannunsu. A ranar 6 ga Oktoba Colorado na bayan Missouri a ci, saura daƙiƙoƙi, tana dab da layin ƙarshe. A cikin hargitsin, alƙalai suka manta ba su ƙirga yunƙuri ɗaya ba. Colorado ta yi huɗu ba ta shiga ba, aka bar ta ta yi na biyar, aka ce ta shiga, ta ci 33 da 31. An dakatar da alƙalan, amma sakamako ya zauna, kocin Colorado Bill McCartney kuma ya ƙi mayar da nasarar, yana kukan santsin filin. Shekara 50 kafin nan, a 1940, irin wannan kuskure ya ba Cornell nasara a kan Dartmouth. Da aka kalli faifan wasan aka tabbatar, Cornell ta aika saƙon waya ta ce nasarar ba tata ba ce, aka rubuta 3 da nema ga Dartmouth. Colorado ta gama kakar 1990 da nasara 11, faɗuwa ɗaya, kunnen doki ɗaya, 'yan jarida suka naɗa ta. Georgia Tech, wadda ba a doke ta ba sai kunnen doki ɗaya, ta samu ƙuri'ar kociyoyi da ratar maki ɗaya tak. A ganina kambun shekarar na Georgia Tech ne ita kaɗai, domin in an cire yunƙurin da doka ba ta san da shi ba, Colorado ta faɗi sau biyu ke nan.

Shekara ta gaba aka sake rabawa tsakanin Miami da Washington, kowace da wasa 12 cikin 12. A 1997 aka raba tsakanin Michigan da Nebraska. Mai karatu zai ce, me ya hana a shirya wasannin sili-ɗaya-ƙwale tun tuni? Shugabannin jami'o'i sun daɗe suna cewa tsawaita kaka zai cutar da karatun ɗalibai. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin ƙananan matakai na wannan wasa suna da irin wannan gasa tun 1973 da 1978, kuma su ma ɗalibai ne. Ruwa ba ya tsami banza. Masu shirya wasannin kwano da garuruwansu da manyan rukunoni suna samun kuɗi mai yawa daga tsohon tsari, kuma gasar da NCAA za ta riƙe tana nufin raba wannan kuɗi da ƙananan makarantu.

Abin da aka yi a 1998 shi ne tsarin BCS: a gauraya ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta, a fitar da na ɗaya da na biyu, su kara. Ci gaba ne, amma kujera biyu ce kawai. A 2003 ƙuri'un 'yan jarida da na kociyoyi duka sun sa USC a sama, kwamfuta kuwa ta tsallake ta, ta ɗauki jami'ar jihar Louisiana, wato LSU, da Oklahoma, alhali Kansas State ta yi wa Oklahoma dukan 35 da 7 a wasanta na ƙarshe. LSU ta doke Oklahoma 21 da 14 ta ɗauki kofin BCS, wanda yarjejeniya ta wajabta wa kociyoyi su amince da shi. USC ta doke Michigan 28 da 14, 'yan jarida suka ce ita ce zakara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2004 manya uku suka gama ba faɗuwa: USC da Oklahoma da Auburn. Aka bar Auburn a waje. USC ta ragargaza Oklahoma 55 da 19, Auburn ta gama da 13 cikin 13 tana kallo. Bayan shekaru aka gano cewa ɗan wasan USC Reggie Bush da iyalinsa sun karɓi alfarmar da dokar lokacin ta haramta, BCS ta ƙwace kambun a 2011 ta bar gurbin shekarar babu kowa. AP kuwa ta bar wa USC nata.

A 2014 aka koma ƙungiyoyi huɗu, kwamitin mutum 13 ne ke zaɓarsu a ɗakin taro. Kakar farko ta nuna amfanin abin, domin Ohio State da aka sa ta huɗu ita ta cinye. Amma ƙofar ta ci gaba da zama a rufe ga wasu. A 2017 jami'ar Florida ta Tsakiya, UCF, ta ci wasanninta duka, kwamiti ya sa ta ta 12 saboda rukuninta ƙarami ne. Ta je Peach Bowl ta doke Auburn 34 da 27, kuma wannan Auburn ɗin ta doke Alabama da Georgia a kakar, su biyun da suka buga wasan ƙarshe. UCF ta naɗa kanta zakara, ta rataya tuta, gwamnan jihar Florida ya fitar da sanarwar amincewa, ɗaya daga cikin lissafan kwamfuta da NCAA ke rubutawa a kundinta ma ita ya sa a sama. An yi mata dariya sosai. Ni ban ce ta fi Alabama ƙarfi ba, mai yiwuwa da sun haɗu da ta sha kashi. Abin da nake cewa shi ne ba a ba ta filin da za ta sha kashin ba, kuma ƙungiyar da aka gaya mata tun farkon kaka cewa ko ta ci kowa ba za ta shiga ba, tana da haƙƙin yin kuka.

Na Florida State a 2023 ya fi zafi. Babban rukuni take, ta ci 13 cikin 13, ta lashe rukuninta. Amma jagoran 'yan wasanta Jordan Travis ya karye a ƙafa a watan Nuwamba, sai kwamiti ya yanke cewa ba tare da shi ba ƙungiyar ta rage ƙarfi, ya ɗauki Alabama mai faɗuwa ɗaya. Masu kare kwamitin na nuni da dukan 63 da 3 da Georgia ta yi wa Florida State daga baya, amma yawancin manyan 'yan wasanta sun janye kafin wannan wasa, bayan an riga an karya musu gwiwa. Yaran nan sun ci wasa biyu bayan karayar jagoransu, sun yi duk abin da aka nema, aka auna su da hasashen abin da zai faru.

Daga kakar 2024 aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12. Ohio State, mai faɗuwa biyu kuma ta takwas a jerin ƙungiyoyi 12 ɗin, ta ci wasa huɗu a jere ta rufe da doke Notre Dame 34 da 23 a watan Janairun 2025, babu wanda ya yi musun kambunta. Gardamar ta sauko ƙasa, ta koma kan wa ya cancanci kujerar ƙarshe, kamar yadda aka yi da aka ɗauki jami'ar Southern Methodist, wato SMU, aka bar Alabama mai faɗuwa uku. Wannan gardama ce mai sauƙi, domin wanda ya faɗi sau uku ya san inda ya zubar da damarsa.

Tsofaffin shekarun kuwa ba su rufu ba, jami'o'i na ta komawa suna tono. Wasu iƙirarin ba su da ƙafar tsayawa. Alabama na lissafa 1941 cikin 18 ɗinta, shekarar da ta faɗi sau biyu, ta zo ta uku a rukuninta, ta 20 a ƙuri'ar AP. Lissafin mutum ɗaya ne ya sa ta a sama, kuma sai wajen shekarun 1980 jami'in yaɗa labaranta ya ƙara shekarar a jerin. Abin mamaki, ba ta lissafa 1966 ba, inda hujjarta ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2016 ƙungiyar kociyoyi ta ba Oklahoma State kambun 1945, bayan shekara 71, alhali kowa ya san Army, ƙungiyar makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, ce gagarabadau a shekarar. A 2025 Auburn ta sanar cewa daga yanzu kambu tara take lissafawa, ba biyu ba. Wasu daga cikin shekarun da ta ƙara ana iya musunsu, amma a cikinsu akwai 2004, kakar da ta ci kowa aka hana ta wasan ƙarshe, wadda har yau gurbinta a kundin BCS babu sunan kowa.